Ranar Da Aka Ɗauko Malam Tuntuni A Kan Allonsa

Duk makarantar babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Malam Tuntuni ake ce masa, domin babu labarin da za ka kawo masa bai ce, "Ai ni tun tuni na san wannan" ba. Ko ce masa ka yi matarka ta haihu da asuba, sai ya gyaɗa kai kamar shi ya yanke cibiya. Shi ke koyar da darasin kiwon lafiya a aji uku, kuma tsakani da Allah yara na son ajinsa, don ba ya duka, ga shi in ya fara ba da labarin kansa sai a buga ƙararrawa ba a rubuta ko layi ɗaya ba.

Abu guda ne ya hana shi sakat: kujerar ofishin jarrabawa. Mai ita ya yi ritaya, ya bar ɗan ofishi mai fanka da makulli, da wata kujera mai juyawa wadda in an zauna a kanta sai ta yi ɗan nishi. Tuntuni ya sha leƙen ta ta taga. Wata rana ma da masu shara suka bar ƙofar a buɗe, ya faki ido ya shiga ya zauna, ya juya dama, ya juya hagu, ya ji duniya sabuwa. Tun daga ranar ya sa wa ransa cewa kujerar nan tasa ce, jiransa kawai take yi.

Matsalarsa ita ce Malama Jan-Biro. Ta daɗe a makarantar har ta koyar da iyayen wasu yaran. Ita ke tsara tambayoyi, ita ke duba takardu, kuma jan bironta ba sani ba sabo. Kowa na ganin ita ce za ta gaji kujerar. Shugaban makaranta kuwa, mutum mai sanyin magana da ba ya son a takura shi, ya ce sai ƙarshen zango zai faɗi wanda ya zaɓa.

Ana cikin haka aka aiko a tura malami ɗaya taron bita kan sababbin hanyoyin auna ɗalibai. Kowa ya noƙe saboda ranar hutu ce, sai Tuntuni ya ɗaga hannu. Zaman safe ya saurara da kyau. Mai jawabi ya ce kada a tsaya ga tambaya da amsa a takarda, a sa yaro ya yi abin da hannunsa a gani, a kuma rubuta ma'aunin da za a ba shi maki da shi tun kafin ranar, a nuna masa, ya san abin da ake nema. Da rana aka kawo shinkafa da kaza. Zaman yamma, inda aka yi bayanin yadda ake tsara ma'aunin da kurakuran da ake gudu, Tuntuni ya halarce shi da gangar jiki kawai. Tafin rufe taro ne ya tashe shi, shi ma ya taya su da ƙarfi.

Ranar da aka koma aiki ya shigo ɗakin malamai da takardar shaida a ƙarƙashin hammata, ya tsaya a tsakiya ya yi gyaran murya.

"'Yan'uwa, ina yi muku ta'aziyya. Jarrabawar takarda ta rasu."

Malama Jan-Biro ba ta ɗago daga tulin takardun gabanta ba. Ta ce, "Allah ya jiƙanta. Yaushe ne jana'izar? Ina da saura aji biyu ban duba ba."

"Malama, ba wasa nake ba. Yaro ya haddace cewa ana tsayar da jini da matsi, ya rubuta, kin ba shi maki. Gobe ƙanensa ya yanke, sai ya tsaya yana karanta masa haddar? Gani ya kori ji. Yanzu aiki ake aunawa."

"Wannan kam gaskiya ce, ƙanena," ta ce, ta ja wani dogon layi a takardar wani bawan Allah. "To da me za ka auna aikin?"

"Da ma'auni. Gida-gida. Kowane gida da makinsa. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

"Da tsohuwar zuma kuma ake magani. Amma an ce da kare ana biki a gidanku, ya ce mu gani a ƙasa."

Malamai suka tuntsire da dariya. Tuntuni ya ji zafin maganar har cikin ransa, sai ya juya wurin Shugaba, wanda ke ƙoƙarin sulalewa da kofin shayinsa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni ranar taron iyaye. A gayyato Sufeto daga ofishin ilimi. A gaban kowa ajina za su yi jarrabawar taimakon gaggawa a aikace. In ba ta burge ba, kada a ƙara ambaton sunana kusa da ofishin can."

Shugaba ya ce, "To," don shi ne abin da ya fi saurin fitar da shi daga ɗakin.

Da wani malamin ne, da a kan kwali zai zana ma'auninsa. Tuntuni sai ya je wurin kafinta ya sayo falle guda na katako, faɗinsa kamar ƙofar ɗaki, ya sa aka kawo masa gida. Ya jingine shi a tsakar gida daidai inda matarsa ke ajiye keken ɗinkinta, ya baza gwangwanayen fenti.

Matar ta fito da awon wata riga a kafaɗa, ta dubi allon, ta dube shi. "Malam, shago za mu buɗe?"

"Ilimi za mu buɗe. Kin ga waɗannan gidajen na sama? Gwani, sai Da Kyau, sai Dama-Dama, sai na ƙarshe, Sai A Hankali. Duk abin da mutum ya yi a duniya, cikin ɗayansu zai faɗa. Misali shayinki na safiyar yau. Zafi, Gwani. Suga, Dama-Dama."

"Madalla. Famfon bayan gida da ka ce za ka gyara tun kafin a yaye autanmu fa, wane gida ya faɗa?"

"Wannan ba ya cikin manhaja."

"Ni kuwa na ga gidansa. Ga shi can a ƙarshe, ka ma yi masa fenti ja."

Ya yi kamar bai ji ba, ya duƙa ya ci gaba da rubutu. Ya rubuta cewa kowane ɗauri da aka yi daidai yana da makinsa, bai kuwa sa iyaka ba, don shi mutum ne mai son a yi abu da yawa. Ya rubuta cewa ɗaurin haɓa, wanda ake zagayo da shi ta saman kai, ya fi kowanne maki saboda ya fi wuya. Ya ba sauri gida, ya ba hana majiyyaci motsi gida. Ya rubuta cewa in kayan aiki sun ƙare, gwani shi ne mai amfani da duk abin da ya samu a kusa. Sannan ya tuna wani abu da ya taɓa ji, ya ji daɗinsa, ya rubuta shi da manyan baƙaƙe: wanda ya ji ciwo yakan ce lafiyarsa ƙalau, wannan ruɗewa ce, duk wanda ya saurare shi ya bar shi ya tashi ya faɗa Sai A Hankali.

Mai shagon da ke ƙofar gidansu ya leƙo sayar da burodi, ya tsaya yana karantawa da kyar. Ya ce, "Malam, to in mutumin da gaske lafiyar tasa ƙalau ce fa?"

Tuntuni ya yi masa murmushin tausayi. "Maƙwabci, kai dai riƙe awon sukari. Awon ilimi a bar mana."

Aka kai allo makaranta, aka kafa shi a gaban aji. Monitar ajin wata yarinya ce da ake kira Lauya, saboda ba a taɓa rage mata rabin maki ba ta ɗaukaka ƙara ba. Ta tsaya gaban allon ta karanta shi daga sama har ƙasa, ta sake karantawa, idanunta na ƙyalli.

"Malam, abin da ke nan shi ne kawai za a bi?"

"Shi kaɗai. Ba son kai, ba ganin dama. Ko ni ban isa in canza shi ba."

"Ko kai, Malam?"

"Ko ni. Ku rubuta ku ajiye."

Suka kuwa rubuta suka ajiye.

Mako guda yaran nan suna ɗaure-ɗaure. Suka ɗaure juna, suka ɗaure ƙafafun tebur, suka koma gida suka ɗaure ƙannensu. Yaran da a da in an ce su rubuta sunayen ƙasusuwa sai barci ya kwashe su, yanzu har lokacin tara suke zama suna gardama a kan yadda ake naɗe gwiwar hannu. Da Tuntuni ya ga sun nuna, ya ce a yi gwaji da mutum na gaske. Ya lallaɓo Baba mai gadi, dattijo mai haƙuri, ya ce masa kwanciya kawai zai yi a benci ya huta.

Baba ya kwanta. Kafin ya gama gyara hularsa an ɗaure masa ƙafa biyu, an saƙale hannu ɗaya a wuya, wani ƙaton yaro da ake kira Buhu ya danne masa kafaɗu. Baba ya ce, "'Ya'yana, ya isa haka, ni lafiyata ƙalau." Lauya ta dubi allo, ta dubi 'yan ajin, ta ce, "Ya fara ruɗewa." Aka ƙara masa ɗauri. Tuntuni na zagayawa da biro yana cewa, "Gwani, Gwani." Ana haka aka buga ƙararrawar tara, yara suka watse, malaminsu ya tafi ɗakin malamai ba da labarin nasara. Sai da mai kawo ruwa ya gaji da buga ƙofar makaranta ba a buɗe ba, sannan aka tuna da Baba.

Malama Jan-Biro ce ta kwance shi. Da ta gama ta tsaya gaban allon, ta gyara tabarau, ta bi shi layi-layi kamar takardar ɗalibi. Hannunta har ƙaiƙayi yake.

"Ƙanena, ɗaurin yaran nan ya yi kyau, ban taɓa zaton za su iya haka ba. Amma ina gidan da aka ce a tambayi mutum me ya same shi?"

"Tambaya? Malama, ai tambaya ita ce cutar da muke magani. Ku ne masu tambaya. Mu aiki muke."

"Bari in ƙara maka layi ɗaya a ƙasa. Ga biro a hannuna."

Tuntuni ya shiga tsakaninta da allon ya buɗe hannuwa. A ransa ya ce, wato so take ranar taro a ga jan rubutunta a jikin allona, a ce ita ta gyara. A fili ya ce, "Na gode. Ai ni tun tuni na yi tunanin wannan, na ga bai da amfani."

"To Allah ya kai mu," ta ce, ta mai da bironta jaka.

Ana gobe taro ya tara yaran ya ba su umarni na ƙarshe. Ya ce haɗari ba ya sallama, saboda haka ba za a buga ƙararrawa ba, ba za a ce a fara ba. Su zauna cikin jama'a da kayansu. Da zarar sun ga mutum ya faɗi ƙasa, ko wane ne, jarrabawa ta fara, kuma ba ta ƙarewa sai an danƙa majiyyaci a hannun ma'aikacin asibiti. Wannan na ƙarshen don ƙawa ya faɗe shi, shi a nufinsa teburin da zai ajiye a gefen fili ya rubuta masa "Asibiti". Sai dai shirye-shirye sun yi masa yawa, ya manta da teburin.

Shirinsa shi ne Baba mai gadi ya zo wucewa ta gaban baƙi, in ya ga an ɗaga masa hankici sai ya zube. Baba ya saurari bayanin har ƙarshe, ya ce, "To, Malam." Irin "to" ɗin Shugaba ce, amma Tuntuni bai lura ba.

Ranar taro fili ya cika. Iyaye a kan benci, malamai a gefe, Shugaba da Sufeto a babban tebur da aka lulluɓe da farin ƙyalle. Sufeton ɗan siririn mutum ne mai mayafin wuya, ya zo da ƙaramin littafi yana ta rubuce-rubuce. An jingine allon ma'auni kusa da ɗan dandamalin da aka haɗa da katako. Tuntuni ya hau cikin sabon wando da takalmi mai santsin ƙasa, ya karɓi lasifika.

Ya yi magana a kan ilimin da da na yanzu. Ya yi magana a kan kansa. Ya ce a taron bita har mai jawabi sai da ya riƙa satar kallonsa, abin da kuwa gaskiya ne, don minsharinsa ya kai layin gaba. Da ya ga iyaye sun fara hamma, ya zaro hankici ya ɗaga.

Babu Baba.

Ya sake ɗagawa, ya kaɗa. Can ya hango ɗakin gadi a rufe, an saki labule, an kuma sa sakata ta ciki. Ya ci gaba da jawabi yana ja da baya don ya samu ya hango tagar da kyau, yana kaɗa hankici kamar mai korar ƙuda.

"Kamar yadda nake cewa, iyayena, haɗari ba ya sallama. Mutum yana tsaye lafiya lau, sai kawai..."

Dandamalin ya ƙare, jawabin bai ƙare ba. Takalmi ya zame, Tuntuni ya tafi ta baya ya zauna daɓas a kan yashi, wando ya ce ɓararak. Babu abin da ya same shi sai kunya. Ya dafa ƙasa zai miƙe, yana shirin cewa da gangan ya yi.

Lauya ta miƙe tsaye ta ce, "An fara."

Bai taɓa sanin yaran ajinsa na da sauri haka ba. Kafin ya ɗaga gwiwa Buhu ya kwantar da shi ya danne kafaɗu. Wasu suka kama ƙafar dama, wasu ta hagu, bandeji na ta warwaruwa.

"Kai, ku tsaya. Ba ni ba ne. Baba ne zai faɗi."

"Ka ce ko wane ne, Malam," in ji Lauya, tana naɗe masa wuyan hannu.

"Lafiyata ƙalau. Ku sake ni."

Yaran suka dubi juna da murna, don ga tambayar da suka yi wa shiri ta fito. Suka haɗa baki: "Ya fara ruɗewa."

"Ni ne malaminku. Na soke wannan layin."

"Ka ce ko kai ba ka isa ka canza ba, Malam. Mun rubuta mun ajiye." Ta juya ga sauran. "Wa zai yi na haɓa? Shi ya fi maki."

Rabin aji suka ɗaga hannu. Da yake ba a sa iyaka ba, aka yi masa ɗaurin haɓa har uku, wani kan wani, kowanne da ƙulli mai kyau a tsakiyar kai. Daga nan Malam Tuntuni bai ƙara cewa komai ba sai "Mmm," kuma tun da ya fara aiki a makarantar ba a taɓa jin ya yi gajeren jawabi irin wannan ba.

Iyaye suka fara tafi. Wata uwa ta miƙe tana nuna wa ta kusa da ita, "Kin ga mai ɗaure gwiwar can? Nawa ne." Sufeto ya karkato wurin Shugaba ya ce, "Malamin nan ya iya kwaikwayo. Dubi yadda yake zare ido, sai ka rantse da gaske yake son ya tashi." Shugaba ya ce, "Haka ne," yana share gumi.

Bandeji ya ƙare, saura yara da yawa ba su samu maki ba. Lauya ta nuna layin da ya ce a yi amfani da abin da ke kusa. Aka zare farin ƙyallen babban tebur, kofuna na rawa. Aka kwance ƙyallen maraba da baƙi daga jikin bishiya. Wata 'yar ƙarama ta zo gaban Sufeto ta durƙusa cikin ladabi ta ce, "Don Allah, Baba, ara mana mayafinka, rai ne za mu ceta." Sufeto ya cire ya ba ta, har da sa mata albarka.

Saura ɗauka. Suka duba babu gadon ɗaukar mara lafiya, suka duba babu teburin asibiti. Idon Buhu ya sauka a kan allon ma'auni, ga faɗi, ga ƙwari, ga shi a kusa. Aka kwantar da allon, aka mirgina Malam a kai da dabara yadda ya koya musu, kansa a gidan Gwani, ƙafafunsa a Sai A Hankali. Aka ɗaure shi da allon don kada ya motsa. Suka ɗaga, suka nufi ƙofar makaranta da gudu-gudu, saboda sauri ma da gidansa.

Baba mai gadi, wanda aka yi ta ɗaga wa hankici bai gani ba, wannan karon tun daga nesa ya gani. Ya fito da hanzari ya wangale ƙofar duka biyu, ya tsaya a gefe ya cire hula. Da allon ya zo wucewa ya sunkuya ya ce, "Kwanciya ce kawai, Malam. Ka huta."

Ƙaramin asibitin unguwa yana ƙarshen titi, kuma hanyar ta ƙofar gidan Tuntuni ta bi. Yara a gaba da allo a kafaɗa, iyaye a baya, Sufeto na biye da littafinsa, Shugaba na biye da Sufeto. Mai shago ya hango farin abu a miƙe bisa katako da jama'a a baya, ya ajiye ma'aunin sukari ya fito yana salati.

"Wa aka rasa?"

"Jarrabawa ce," in ji Buhu yana haki.

Mai shago ya leƙa, ya ga idanu biyu da ya sani suna ƙifta masa tsakanin ƙyallaye. Ya ce, "Maƙwabci, kai ne? Lafiya dai ko?" Tuntuni ya ce, "Mmm, mmm." Mai shago ya gyaɗa kai ya dubi yaran. "Kada ku saurare shi. Na karanta a allon."

Matar Malam na bakin ƙofa da keken ɗinkinta. Ta ga taron, ta taso da almakashi a hannu ba ta ma san tana riƙe da shi ba. Da ta matso ta ga fentin da ya ɓata mata tsakar gida, ta ga sabon takalmin da ta hana shi saya yana leƙowa ta ƙasa, ta ga Malama Jan-Biro a cikin jama'a ta toshe baki da gyale kafaɗunta na rawa, sai hankalinta ya kwanta. Ta bi sahu.

Nas ɗin da ke bakin aiki ta fito da gudu, ta sa aka sauke allon a baranda. Ta fara kwancewa, tana yi tana tsayawa tana duba ƙullin. "Wa ya yi wannan? Ya yi kyau. Wannan ma daidai ne. Wa ya koya muku?" Yara suka nuna wanda ke kwance. Ta kwance ƙafa, ba ciwo. Ta kwance hannu, ba ciwo. Ta miƙa wa Sufeto mayafinsa, ta miƙa wa Shugaba ƙyallen tebur. Da ta zo haɓa ta warware na farko, na biyu, na uku, bakin Malam ya buɗe.

"Ai ni tun tuni..." ya fara, amma ba a bari ya ƙarasa ba.

Nas ta ce, "To ni dai ban ga rauni ba. Ina ne ya ji ciwon?"

Yara suka dubi Lauya. Lauya ta ce, "Ba mu tambaya ba, Anti. Babu shi a allo."

Matar Malam ta zagaya ta bayansa ta duba, ta ce, "Na ga raunin. Ba naki ba ne, 'yar'uwa, nawa ne. Wandon ne ke son ɗinki." Ta kwance gyalenta ta ɗaura masa a ƙugu. Baranda ta kaure da dariya, har Sufeto sai da ya jingina da bango.

Lauya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, makinmu fa?"

Nan aka tuna cewa mai ba da makin shi ne aka ɗaure. Sai Malama Jan-Biro ta matso ta buɗe tafin hannunta da bayan wata ambulan ta wasiƙa, duk jan rubutu. Tun faɗuwar farko take bin yaran ɗaya bayan ɗaya tana rubuta wanda ya yi me, don ita ba ta iya ganin jarrabawa ta wuce ba a duba ba. Ta ce, "Bisa wannan allon, duk ajin Gwani ne. Ba ni da inda zan rage, na kuwa nema."

Tuntuni ya ɗan samu ƙarfi, ya gyara gyalen ƙugunsa. "Kun ji ko? Duk Gwani. Ranka ya daɗe, a tarihin makarantar nan an taɓa haka?"

Shugaba ya ce, "Ba a taɓa ba," kuma kowa ya yarda da shi.

A taron malamai na ƙarshen zango Shugaba ya yi maganar da ta fi kowacce tsawo a rayuwarsa. Ya ce Sufeto ya yaba ƙwarai, ya ce yaran sun iya abin da takarda ba za ta taɓa nunawa ba, saboda haka daga yanzu kowane zango za a yi jarrabawar aiki tare da ta takarda. Tuntuni ya fara gyara zama, yana jin nishin kujerar nan a kunnensa. Shugaba ya ce za a bar allon Malam yadda yake, sai dai za a sa wa ɗauri iyaka, a goge layin ruɗewa, a ƙara layi ɗaya a sama. Wadda za ta yi gyaran, ta kuma riƙe makullin ofishin jarrabawa, ita ce Malama.

Tuntuni ya daina gyara zama. Ya buɗe baki zai ce ai jarrabawarsa ta burge, ya tuna gyalen da aka ɗaura masa a ƙugu, ya rufe.

"Amma ba za a yi jarrabawar nan babu kai ba, Malam," in ji Shugaba da sauri. "Baba ya ce in aka ƙara kiransa zai ajiye aiki. Sufeto kuma ya ce bai taɓa ganin wanda ya iya zama majiyyaci kamarka ba."

Da yamma a ƙofar gida Tuntuni ya shaida wa mai shago cewa an ba shi matsayin da ya fi kujera, domin yanzu duk makarantar babu jarrabawar da za a fara sai ya kwanta. Mai shago ya taya shi murna. Daga ciki matarsa ta ɗaga murya kan ƙarar keke ta ce in ya gama karɓar gaisuwa, famfo na nan na jiransa a gidan Sai A Hankali.

Zango ya zagayo. Aka fito da benci tsakiyar fili, Malam Tuntuni ya kwanta cikin tsohon wando, don yanzu ya yi hankali ta wannan fannin. Daga inda yake kwance yana hango tagar ofishin jarrabawa, fanka na juyawa, Malama Jan-Biro na tattara takardu a kan kujerar, ko juya ta ba ta yi. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, a ba mutum kujera mai juyawa ya zauna a kanta kamar benci.

Lauya ta zo da bandeji, ta dubi sabon layin da aka rubuta da ja a saman allo, ta durƙusa kusa da shi.

"Sannu, Malam. Ina ne ke maka ciwo?"

Ya sake kallon tagar ofishin.

"Inda ke min ciwo bandejinki ba zai kai ba, 'yata. Ɗaure ƙafar kawai, ki bar min haɓata."